Motar sintiri: ta kwana a ofis ko a ƙofar gidan ɗan sanda?

A Amurka hanya biyu ake bi. Wasu rundunonin suna ajiye motocin sintiri a ofis, mai aikin safe ya miƙa wa na rana makulli, na rana ya miƙa wa na dare. Motoci kaɗan sun isa, sai dai injin ba ya hutawa, kuma in ta lalace kowa ya ce ba a hannunsa ba ne.

Birnin Indiyanafolis kuwa tun 1969 ya fara ba ɗan sanda motarsa ya tafi da ita gida. Wanda ya san gobe ma shi zai hau ta yakan kula da ita, kuma ganin ta a unguwa kan sa ɓarawo ya sake tunani. Amma da sharuɗɗa. Galibi ba a tuƙa ta bayan an sha giya, ba a wuce iyakar da aka gindaya, rediyo a kunne, in kira ya zo kusa dole ya amsa ko kasuwa za shi. Wanda ya saɓa, a karɓe motar, wani lokaci har da dakatarwa.

Ni na fi karkata ga ta biyun, in dai baitulmalin gari zai iya sayen mota ga kowane ɗan sanda da zuba mata mai.