Poodle da Lhasa ko Boerboel da karen gida: wanne ne ba zai tayar wa yarinya da alaji ba?

Wani ɗan uwa daga Agege a Legas ya turo tambaya. Yana son ajiye kare, amma 'yarsa mai shekara 9 da ta kusanci karen Alsatian ɗin maƙwabta sai atishawa ta sarƙe ta, idanu su yi jajur. Mai sayar da karnuka ya ce masa ya ƙara kuɗi ya ɗauki Poodle ko Lhasa, wai su ba sa tayar da alaji tunda gashinsu ba ya zuba. Shi kuwa Boerboel ko karen gida ya fi so, saboda gadi.

Malam, kada ka ƙara ko sisi a kan wannan alkawari. Ba gashi ne ke sa ta atishawa ba. Wasu sinadarai ne da jikin kare ke fitarwa ta miyau da fitsari da ɓarɓashin fata mai kama da amosani. Babbansu, Can f 1, a miyau yake. Kare ya lashe jikinsa, miyan ya bushe, ya zama gari, ya bi iska ya sauka kan katifa da labule. Gashi ɗan dako ne kawai. A 2011 masu bincike a asibitin Henry Ford da ke Detroit a Amurka sun auna ƙurar gidaje 173 masu kare, ba su ga bambanci tsakanin irin da ake tallatawa da sauran ba. A 2012 wani binciken a Holan ma ya samu sinadarin ya fi yawa a gashin irin su Poodle fiye da na Labrador mai zubar da gashi.

Abin da Poodle da Lhasa suka fi da shi gaskiya ne amma kaɗan ne: ba za ka riƙa share gashi a tsakar ɗaki ba, kuma Lhasa ƙarami ne, fata kaɗan, miyau kaɗan. Sai dai karnukan cikin ɗaki ne. Kujera suke hawa, a cinya suke kwana, fuskar yaro suke lasa, kuma wace yarinya ce za ta ga wannan ɗan dunƙulen gashi ta ƙi rungumarsa? Ga ɗawainiya. Gashin da bai zuba ba cukurkuɗewa yake yi, sai an taje kusan kullum, a yi aski duk mako 4 zuwa 6. Da damshin Legas, in aka yi wanka ba a busar har gindin gashi ba, fata ta kumbura, kunne ya yi ruwa, karen ya hau susa, ɓarɓashin ya ninka. Lhasa asalinsa daga tsaunukan Tibet yake, ba a yi rigarsa don zafin Fabrairu a Agege ba.

Boerboel kuwa ɗan Afirka ta Kudu ne, yakan haura kilo 60, ga dalalar miyau. Shi ma yana fitar da sinadarin. Amma a waje yake kwana, cikin kejinsa, inda iska ke kwashe yawancin abin. Karen gida ya fi sauƙi: gajeren gashi, jure zafi, ba aski, ba tsada. Ga yawancin Hausawa da ma kare ba ya shiga ɗaki, saboda batun tsarki, kuma wannan al'ada ta fi kowane irin kare mai tsada kare ƙirjin yarinyar. Sharaɗi shi ne fili. In gidan haya ne mai ɗakuna fuska da fuska, keji a bakin tagarta, to wajen ya zama ciki.

Kafin ka sayi komai, a tabbatar karen ne. A Legas ƙananan ƙwarin ƙura da ke cikin katifa, da kyankyasai, da funfunar bango lokacin damina duk suna kawo atishawa iri ɗaya. Gwajin fata ake yi: a ɗiga sinadarin a hannu, a ɗan soki fatar, cikin minti 15 zuwa 20 a ga ko ta yi rudu-rudu. Sai an dakatar da magungunan alaji irin su Piriton da cetirizine kwanaki kafin gwajin, in ba haka ba sakamakon zai yi ƙarya. Ka tambayi likita kuma game da gwajin jini na Can f 5. Wannan sinadarin namijin da ba a dandaƙe ba ne ke fitar da shi, kuma akwai mutanen da shi kaɗai ke damunsu. Irin waɗannan sukan zauna lafiya da karya.

Sannan a gwada ainihin karen da za a saya, domin 'yan uwa ɗaya ma sukan bambanta. Ta zauna kusa da shi kamar awa guda, sau biyu ko uku a ranaku daban, a lura da ita har dare, don wani lokaci tarin sai bayan awanni yake zuwa.

In ya zo gida, wanka sau biyu a mako, domin sinadarin yana dawowa cikin kwana 2 zuwa 3. Wani ya yi tazar a waje, ba ita ba, ya kuma canja riga kafin ya shiga ɗaki. Tayil da tsumma mai jiƙe sun fi kafet da tsintsiya. Amma idan tana da asma, ko ƙirjinta na yin fito in ta kusanci kare, a bar zancen gaba ɗaya har likita ya gan ta. Ko an mayar da kare, sinadarin yakan yi watanni a katifa da kujeru kafin ya gushe.