HandBrake: ya iya gyaran sauti da ke zamewa daga hoto, amma ba kowane iri ba

Duk wanda ya taɓa haɗa bidiyon biki ko na suna a kwamfuta ya san wannan abin takaici: a waya komai daidai yake, amma da an zuba fayil ɗin a manhajar tace bidiyo sai baki ya motsa, magana ta biyo baya. Mutane da yawa sukan ce a bi ta HandBrake. Manhaja ce kyauta ta sauya fayil ɗin bidiyo, da aka fara tun 2003, tana aiki a Windows da Mac da Linux, babu ta a waya. Tana magani kuwa, amma na ciwo ɗaya cikin uku, don haka a fara gane wane ne ya kama bidiyon.

Gwajin ba wuya. A duba motsin baki a minti na farko, a tsakiya, sannan a ƙarshe. Kalmomin da ke da "b" ko "m" sun fi nunawa, domin leɓe yana rufewa a kansu. In tazarar iri ɗaya ce ko'ina, sautin ne kawai ya goce. In kuwa farko lafiya lau, sai tazarar ta riƙa ƙaruwa, to zamewa ce, kuma nan ne HandBrake yake da abin cewa.

Dalilin zamewar a mafi yawan lokuta shi ne yadda waya take ɗaukar hoto. An saita ta a firam 30 cikin daƙiƙa, wato hotuna 30 a jere da suke haɗuwa su zama bidiyo, amma ba ta tsayawa a kan 30 ɗin. In haske ya ragu, kamar a zauren biki da dare, ko wayar ta yi zafi, sai ta rage adadin, ta rubuta wa kowane firam lokacinsa. Manhajar kallo tana karanta waɗannan lokuta, shi ya sa ba a ganin matsala a waya. Wasu manhajojin tacewa kuwa sai su jera firam-firam ɗin a tazara ɗaya, hoto ya gajarce, sauti kuma yana nan da tsawonsa. Ko bambanci ƙarami kamar na 29.97 da 30 yana tara daƙiƙa 3.6 a cikin awa guda. Ana tabbatar da wannan da MediaInfo, manhajar da ke nuna bayanan fayil, ita ma kyauta ce: in ta nuna yanayin firam Variable ne, wato mai sauyawa, an kama ɓarawon.

Abin da HandBrake yake yi shi ne ya sake rubuta bidiyon a adadi tsayayye, yana maimaita firam inda aka samu giɓi, yana zubar da wanda ya yi yawa, sauti kuma yana zaune a wurinsa. Sai dai ga tarkon da ya fi kama mutane: saitin da manhajar take buɗewa da shi, Fast 1080p30, ba ya yin wannan aiki. Yana kan Peak Framerate ne, wato yana hana adadin wuce 30 amma yana barinsa ya yi ƙasa. Mutum zai jira awa guda, ya fito da fayil mai ciwon da ya shiga da shi. Dole a shiga shafin Video, a zaɓi adadi da hannu, 30 ko 25 ko 60 gwargwadon yadda aka ɗauka, sannan a danna Constant Framerate. Wannan zaɓi ya cancanci ya fito fili tun a shafin farko, kuma ɓoye shi da aka yi shi ne babban aibin manhajar.

Hanya mafi sauƙi ita ce a ɗauki saitin Production Standard, wanda dama don masu tacewa aka yi shi: adadin firam tsayayye ne, inganci mai kyau, sai dai fayil ɗin yakan fi na asali girma, don haka a tanadi wuri. Wanda zai saita da kansa ya bar tsarin bidiyon a kan H.264, ya sa lambar inganci ta RF tsakanin 18 da 20, domin ƙaramar lamba ita ce mafi inganci. Sauti kuma a mayar da shi tsarin AAC a 48 kHz, ya dace da abin da bidiyo ya saba da shi. A leƙa shafin Dimensions kafin a fara: yankan gefe na kai tsaye yakan ɗauki duhu a matsayin baƙin gefe ya datse hoto, musamman bidiyon dare, kuma bidiyon da aka ɗauka a tsaye yakan iya ƙanƙancewa in an sa masa iyakar girma. In fayiloli sun yi yawa, a jera su a layi a bar kwamfuta ta kwana tana aiki. Kada a goge na asali.

Inda HandBrake ya gaza shi ne gocewa ta dindindin, wato tazara iri ɗaya ko'ina. Babu wurin da za ka ce masa ya ja sauti baya da kaza. Wannan aikin manhajar kallo ta VLC ne wajen aunawa: a Windows, maɓallan J da K suna matsar da sauti da milisakan 50 a kowace dannawa. In an samu adadin da baki da murya suka haɗu, sai a cire sautin daga hoto a manhajar tacewa a matsar da shi daidai haka. A firam 30, firam ɗaya milisakan 33 ne, ka ga milisakan 200 firam shida ke nan. Kunne ya fi saurin kama sautin da ya riga hoto, tun daga wajen milisakan 45, alhali wanda ya makara yakan kai 125 kafin a lura, saboda haka in za a kuskure gara a kuskure ta baya. A cire abin kunne na Bluetooth yayin wannan awo, domin shi kansa yana jinkirta sauti, sai ka gyara abin da ba shi da laifi.

Ciwo na uku shi ne sautin da aka naɗa daban, a ce da wata wayar da aka ajiye kusa da lasifikar mai waƙa. Agogon na'urorin biyu ba ya tafiya daidai, kuma HandBrake bai san da wancan fayil ba. Tafi ɗaya a gaban kyamara a farko, wani a ƙarshe, shi ke ba da awo. In a bidiyon minti 40, wato daƙiƙa 2,400, tafin ƙarshe ya goce da daƙiƙa 1.2, sai a sauya gudun sautin da kashi 0.05 cikin ɗari a Audacity, manhajar gyaran sauti, a mayar da shi cikin manhajar tacewa, a sake duba tafin biyu.