Asusu uku ko takwas? Ga abin da zan ce maka

Malam, kan batun ko ka tsaya kan asusun zuba jari uku ko ka watsa kuɗinka cikin takwas: ɗauki uku, kuma kowanne da aikinsa daban.

Na farko shi ne wanda hankali ke kwanciya da shi, asusun da ke zuba kuɗi a sukuk (takardun jari marasa ruwa), ijara (ba da haya) da murabaha (sayarwa da ribar da aka amince da ita tun farko), irin Lotus Halal Fixed Income Fund ko na Shari'a na Stanbic IBTC. Ba ya tsalle sama, ba ya faɗuwa warwas. Nan za ka ajiye kuɗin makarantar yara da na haya. Na biyu asusun hannun jari ne, kamar Imaan Fund, kuɗin da ba za ka waiwaye shi ba sai bayan shekara biyar, don akwai shekarar da za ka buɗe takarda ka ga ya ragu, kuma ba sata aka yi maka ba, kasuwa ce. Na uku abin da ba ya tafiya da naira, dala ko zinare. Duk wanda ya ga dala ta tashi daga wajen naira 460 a tsakiyar 2023 ta haura 1,400 a farkon 2024 ya san dalili. Sai dai ka bincika, yawancin asusun dala takardun bashi masu ruwa suke saya. In kana da miliyan ɗaya, dubu 400 a na farko, 400 a na biyu, 200 a na uku ya wadatar.

Daɗin uku sai ranar lissafin zakka. Takarda uku a kan tabarma, ka haɗa jimilla, ka fitar da kashi 2.5 cikin ɗari, kafin shayi ya huce ka gama. Sau ɗaya a shekara kuma ka duba wanda ya yi ƙiba ka rage masa, ka ƙara wa wanda ya rame. Ko ta Allah ta kasance, magada ba za su yi ta bin ofisoshi suna neman inda kuɗi ya maƙale ba.

Takwas ɗin kuwa, ba haramun ba ne, amma yawanci tuwo ɗaya ne a kwanuka daban-daban. Asusun hannun jari na halal ba sa sayen hannun jarin bankuna masu ruwa da kamfanonin giya, don haka dukansu kan koma kan su Dangote Cement, BUA, MTN da Presco. Ranar da siminti ya faɗi, tare za su faɗi. Kowanne kuma yana yankar ladan kulawa, yawanci kashi 1 zuwa 2 a shekara, kowanne da wa'adinsa na cire kuɗi, wani kwana 30, wani 90, in ka riga lokaci a zaftare maka riba. Kafin ka ƙara na huɗu, karɓi takardar bayanin wata ta kowanne ka jera manyan kamfanoni goma da suka saya. In rabi sun zo ɗaya, bar shi.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu yawo a WhatsApp da "jarin halal", ribar kashi 30 duk wata. Haka tsarin damfara na MMM ya yi da mutane a 2016, haka CBEX a 2025. Asusun gaskiya ba ya alƙawarin riba tsayayya, sunansa na cikin jerin hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari, yana da amintacce mai kare haƙƙin masu jari da bankin ajiya daban da manajan. Kuɗi kuma asusun banki mai ɗauke da sunan asusun jarin ake turawa. In wakili ya ba ka lambar asusu mai sunan mutum, ko da a masallaci ɗaya kuke salla, kada ka tura ko sisi.