Ma'aikaci da bindiga a wurin aiki: a bar shi ko a hana shi?

Maganar nan a Amurka ta fi zafi, don gyara na biyu na kundin tsarin mulkinsu, wanda ya ba mutane 'yancin riƙe makami, gwamnati ya ɗaure wa hannu, bai hana mai kamfani kafa dokarsa a cikin gininsa ba.

In kai mai kamfani ka bar ma'aikaci ya riƙe bindiga, eh, wanda ke aikin dare shi kaɗai a gidan mai zai ji yana da abin kare kansa, kuma wallahi ina tausayinsa sosai. Amma ranar da ya harbi kwastoma bisa kuskure ko rigima ta kaure tsakaninsa da abokin aiki, kai lauyoyi za su nema, su tambaye ka ko ka binciki tarihinsa kafin ka ɗauke shi, ko ka ba shi horo, sannan kamfanin inshora na iya ƙara maka kuɗi ko ma ya janye gaba ɗaya.

In kuma ka hana, wanda ni dai nan na fi karkata, kasadar ta ragu amma nauyi bai sauka daga kanka ba. Dokar OSHA ta 1970, wato dokar Amurka ta kare lafiyar ma'aikata a wurin aiki, ta ɗora maka samar da wurin aiki mara haɗari, kenan tunda ka hana mutum makami sai ka sa kyamara da fitilu da masu gadi na gaske. Kuma jihohi irin su Oklahoma da Florida sun ba ma'aikaci damar ajiye bindigarsa cikin motarsa a kulle a wurin fakin, can haninka bai kai ba.