Motar da ke kai ɗiyata makaranta, bayan zango biyu

Ɗiyata shekararta tara, tana da lalurar shanyewar gaɓoɓi tun haihuwa, sai da keken guragu take zirga-zirga. A Tudun Wada muke, makarantarta kuwa tana Samaru. Wanda ya san Zariya ya san tafiyar: a bi ta PZ, a ratsa Kwangila, ga cunkoson safiya. Da can ni ke fita da ita bakin titi tarar keke napep. Wani da ya hango kekenta sai ya ƙara wuta, wanda ya tsaya kuma ya ce sai na biya kuɗin mutum uku.

Yanzu zango biyu ke nan tana bin wata ƙaramar bas da wani bawan Allah ya ware wa yara masu buƙata ta musamman. Ya cire kujerun baya, ya yi katakon da ake gangara keke a kai. Amma abin da ya kwantar min da hankali shi ne matar da ke zama da yaran, wadda suke kira Inna. Ranar farko, kafin ta taɓa yarinyar, sai da ta durƙusa ta gaishe ta, sannan ta juyo gare ni: "Maman yarinya, ta wane ɓangare ake ɗaga ta ba ta ji zafi ba?" Wallahi sai da na yi ƙwalla. Akwai wani yaro mai galahanga da ƙara ke firgita shi, saboda shi Baba direba ya rage danna oda. Da hunturu Inna da bargonta take zuwa.

Inda nake da ƙorafi shi ne ɗaurin keken. Da igiya ake tamke shi, in mota ta faɗa rami sai yarinyar ta girgiza, ta dawo tana nuna bayanta. Na yi magana, sun yi alkawarin sa bel. Sai kuɗi. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 sufuri ya yi tsada, wata maƙwabciyata ta tambayi farashin ta haƙura, ɗanta na gida har yau. Dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta taɓo batun sufuri, ga mu iyaye muna ɗauke da nauyin mu kaɗai.

Na biya na zango mai zuwa. Ranar da aka koma makaranta zan leƙa bayan motar in ga ko an sa bel ɗin.