Asirin gidan masu kuɗi: littafin Turawa da namu, wanne ya fi?

Ƙanwata, kin ce kin gama wani littafin Turanci da kika saya wajen masu baza tsofaffin littattafai a Adum, nan cikin Kumasi. Attajiri ya tara iyalinsa ya ce gobe zai sauya wasiyya, gari ya waye aka tarar da gawarsa a ɗaki. Littafin ya hana ki barci, amma ana kama wanda ya yi kisan sai labari ya ƙare, aka bar ki da matar mamacin da 'yar da ya ɓoye shekara da shekaru, ba ki san inda suka kwana ba. Shi ne kike tambaya, tsakanin irin wannan da littattafan Hausa da muke saurara a YouTube, waɗanda su ma asirin gidajen manya suke tonawa, wanne ya fi?

Haushin da kika ji a ƙarshe ba sakacin marubucin ba ne, haka aka gina wannan nau'in. Tambaya ɗaya tal yake ɗauke da ita: wa ya aikata? Daga shafin farko an ƙulla yarjejeniya tsakaninki da marubuci cewa zai ajiye miki duk alamu a gabanki, ya ɗauke miki hankali, ku ga wa zai riga wani. Har ƙa'idoji suka rubuta. A 1929 wani limamin coci a Ingila, Ronald Knox, ya jera guda goma. Daga ciki akwai cewa dole mai laifin ya kasance wanda aka ambata tun farkon labari, ba aljani ba tsafi, kada sa'a ko wani ji a jiki ya taimaki mai bincike, kuma duk alamar da ya tsinta sai ya nuna wa mai karatu. Wanda ya yi aiki da wannan tsari, da zarar ya faɗi sunan mai laifi ya sauke nauyin da ke kansa. Makomar bazawara ba ta cikin alkawarin da ya yi miki.

Namu kuwa, tun daga littattafan da suka cika kasuwar Kano a shekarun 1980 har zuwa waɗanda ake turawa yau shafi-shafi a WhatsApp, ba su cika ɓoye wa mai karatu komai ba. Tun a kashi na biyar an gaya miki cewa yarinyar da take wanke-wanke a gidan Alhaji 'yarsa ce ta cikinsa, kuma uwargida ta sani. Ke da marubuciya kun sani, mutanen gidan ne ba su sani ba. Abin da ke riƙe ki shi ne jiran ranar da za a sani, da fargabar abin da zai faru da kowa a ranar. Shi ya sa idan asiri ya tonu a littafin Hausa, a lokacin ne ma aka shiga tsakiyar labari: za a kira taron dangi, kawu zai zo daga ƙauye, wata za ta yi yaji, a yi biko, a fasa wani aure, a ɗaura wani.

Ki duba kuma wanda yake tono. A littafin da kika karanta baƙo ne, ɗan sanda ko mai bincike da aka ɗauko, ya zaunar da matar gida yana tambayarta ina take da ƙarfe goma sha ɗayan dare, ita kuma tana ba shi amsa. Ki kwatanta wannan a wani babban gida a Aboabo ko Asawase. Baƙo zai shiga ɗakin mai takaba da biro da takarda? Tun a zaure za a sallame shi. A wurinmu wanda ya rufa wa gida asiri shi ne ɗan halak, mai tonawa kuma ko gaskiya ya faɗa sai an ce ya kunyata zuri'a. Don haka marubutanmu ba su da baƙon da za su aika, sai su nemo mai tono daga cikin gida: tsohuwar da ta yi renon Alhaji, direban da ya san gidan da ake tsayawa bayan isha'i, kishiyar da aka ƙure.

A nan ne nake da ƙorafi a kan namu, kuma ba ƙarami ba. Da yake ba mai bincike, sau da yawa marubuci yakan rasa hanyar fito da gaskiya, sai ya jawo hatsarin mota. Muguwar ta karye, tana kwance a gadon asibiti ta ce a kira kowa da kowa, ta zayyana abin da ta yi shekara ashirin. Ko boka ya mutu asiri ya karye, ko wani ya yi mafarki. Duk abin da Knox ya hana, mu shi ne jarinmu. Ban ce a cire sihiri daga labarin Hausa ba, mutane sun yarda da shi kuma yana cikin hirarsu ta yau da kullum. Amma idan kika bi labari kashi tamanin sannan aka warware shi da ikirarin mai jinya, an ci kuɗin datarki ne kawai. Ta wannan fuska littafin Turawan ya fi mutunta hankalin mai karatu. Ki koma babi na uku ko na huɗu na wanda kika gama, za ki ga alamar tana nan kwance, ke ce kika tsallake ta.

Akwai kuma maganar gawa. Labarin Turawa yana buƙatar gawa ta jira, likita ya duba ya ce guba ce, ya faɗi lokacin da rai ya fita. Mu a zango mutum ya cika da asuba, kafin la'asar an kai shi maƙabartar Tafo an dawo ana karɓar gaisuwa. Wanda ya ce a dakata a bincika, za a tambaye shi ko yana ja da ikon Allah ne. Maƙwabtanmu Asante su ne gawa ke yin watanni a firjin asibiti ana shirin biki. Saboda haka kisa ba ya zama ginshiƙin labarinmu. Asirinmu na masu rai ne: wa ya haifi wa, wa aka aura a ɓoye, dukiyar nan ta marayun wa ce aka haɗiye.

Inda na fi so ki tsaya ki duba shi ne gado, domin shi ne injin labaran biyu. A Ingila mutum yana da 'yanci mai faɗi ya rubuta dukiyarsa ga wanda ya ga dama, ya sa hannu gaban shaidu biyu. Shi ya sa jumla ɗaya, "gobe zan sauya wasiyya", ta isa ta mai da kowa a gidan abin zargi. Ki sa wannan jumlar a bakin Alhaji ki ga yadda za ta yi sanyi. A shari'a wasiyya ba ta wuce sulusin dukiya, kuma ba a yin ta ga wanda yake da rabo a gado. Mata suna da tumuni idan akwai 'ya'ya, ko su huɗu ne shi za su raba, ɗa namiji kuma yana ɗaukar rabon 'ya'ya mata biyu. Alƙalamin Alhaji ba zai iya korar ɗansa daga gado ba. Abin da zai girgiza lissafi shi ne a ƙara mutum a layin magada ko a cire shi. Ranar addu'ar bakwai wata ta shigo da yaro namiji, da waliyyinta da shaidun ɗaurin aure, rabon kowa ya ragu nan take. Marubutanmu sun gane wannan sarai, shi ya sa kullum rigimarsu a kan nasaba take. Abu ɗaya da dokokin biyu suka haɗu a kai shi ne wanda ya kashe mutum ba ya cin gadonsa.

To wanne ya fi? Idan abin da kike so shi ne ki gwada kaifin basirarki, ki gama cikin kwana biyu, ki ci gaba da na Turawa, amma kada ki nemi jin yadda bazawara ta ƙare. Idan mutanen kike so ki zauna da su, namu ne, sai dai ki zaɓi marubucin da yake barin gaskiya ta fito ta hannun wani da ya yi tambaya ya bi sawu. Ni idan aka tilasta mini ɗaukar ɗaya, namu zan ɗauka, duk da tsawonsa da yawan kukansa, domin na san irin gidajen kuma na san abin da ake tsoro a cikinsu.

Sai dai duka biyun ba su taɓo gidan da muke gani a nan Kumasi ba. Ki ɗauki attajirin da kakansa ya yi arziki da fataucin goro, yana da mata biyu a zango da ta uku 'yar Asante a wata unguwa. Ya rasu bai bar wasiyya ba. Malamai za su zo da lissafin shari'a. Dangin matar nan sun taso a al'adar da mutum yake gadon kawunsa, ɗan'uwan uwa, suna kallon 'ya'yanta a matsayin nasu. Ga kuma dokar gado ta Ghana ta 1985, PNDC Law 111, wadda aka yi zamanin Rawlings: kayan ɗaki da gida ɗaya na mata da 'ya'ya ne, sauran kuma mata su ɗauki kashi 3 cikin 16, 'ya'ya kashi 9 cikin 16, iyaye kashi 1 cikin 8, kashi 1 cikin 8 ya bi al'ada. Wannan doka ba ta fifita namiji a kan mace, kuma ɗan da aka haifa ba aure yana da rabo a cikinta, alhali a lissafin malamai ba ya gadon uban. Yaro guda, a zaure ba shi da komai, a kotu yana da kaso daidai da babban ɗan uwargida. Dokar kuma ba ta shafi dukiyar dangi ba, don haka sai an fara tantance ko gidan na mamacin ne shi kaɗai ko na kakanni ne da ya riƙe.

Mai bincike a irin wannan labari ba sai an ɗauko ɗan sanda ba. Malamin da aka kira rabon gado ya isa. Shi ne yake da hurumin ya tambayi mata nawa aka bari, 'ya'ya nawa, wa ke bin bashi, takardar fili da sunan wa take, kuma ba mai iya korarsa daga zaure tunda 'yan gidan ne da kansu suka aika a kira shi.