Hellblade II: Hoto ya yi kyau, amma takobin ba a hannuna yake ba

Shekara bakwai muka jira tsakanin wasan bidiyo na Hellblade: Senua's Sacrifice na 2017 da Senua's Saga: Hellblade II, wanda ya fito ranar 21 ga Mayu 2024. Na buga shi a Xbox da hedifon a kunne, kamar yadda waɗanda suka ƙirƙiri wasan suka ba da shawara. Kyan hoto dai ba a magana. An gina shi da manhajar ƙera wasanni ta Unreal Engine 5, kuma duwatsun Iceland da baƙin yashin gaɓar teku sai ka rantse kyamara ce ta ɗauko su. Melina Juergens, wadda ta sake fitowa a matsayin Senua, jarumar wasan, ta yi aikinta tsakani da Allah. Yabona ya tsaya a nan.

Faɗan ne ya fi ƙona min rai. A wasan farko maƙiya kan yi maka zobe, uku ko huɗu lokaci guda, muryoyin da ke cikin kan Senua su yi maka ihu cewa ga wani a bayanka, ka goce da ƙyar. Akwai sara mai sauƙi, akwai mai nauyi, akwai harbi da ƙafa na karya mai garkuwa, kana iya rugowa da gudu ka auka wa mutum. A na biyun an cire harbin, an cire taron. Kullum ɗaya da ɗaya ne. Ka kare, ka goce, ka sara, madubin da Senua ke ɗauke da shi ya cika da ƙarfi, ka yi amfani da shi ka rage gudun lokaci, ka gama da shi. Sai wani ya bangaje ka daga gefe, kyamara ta juya da kanta, a miƙo maka na gaba kamar masu layin awo. Faɗan da ka yi a awar farko shi za ka yi a ta ƙarshe, babu sabon makami, babu sabuwar dabara. Sau da yawa na kasa gane ko ni ke wasa ko kallo nake yi, ga kuma baƙaƙen layuka sama da ƙasan allo irin na silima suna ƙara tabbatar min da zargina.

Ƙattin da ke addabar mutane a wasan ma, waɗanda aka cika mu da tallarsu, ba ka yaƙarsu da takobi. Wasan farko ya ba mu manyan maƙiya irin su Valravn da Surtr, kowanne da salon da sai ka karance shi kafin ka ci galaba. A wajen Illtauga kuwa, ɗaya daga cikin ƙattin wasa na biyu, gudu kawai za ka yi daga bayan wannan dutse zuwa wancan, kana jiran wuta ta lafa.

Wanda bai buga ba ya tsallake abin da ke tafe, don zan taɓa labarin.

Abin da ya riƙe wasan farko ciwo ne na mutum ɗaya: mace mai fama da taɓin hankali ta ɗauki kan masoyinta Dillion ta nufi Helheim, duniyar matattu, don ta ƙwato ransa. Ba ka taɓa sanin me ke zahiri, me ke cikin kanta ba, kuma wannan rashin tabbas shi ne gishirin. Yanzu Senua ta bari 'yan farautar bayi sun kama ta da gangan don ta je ta tumɓuke cinikin daga tushe, kafin ka ankara ta zama mai ceton al'umma. An haɗa ta da abokan tafiya uku, Thórgestr da Fargrímr da Ástríðr, amma a wasan da bai wuce awa bakwai zuwa takwas ba, wanda kaso mai yawa nasa tafiya ce da wasan nemo alamu, yaushe za ka shaƙu da su? Thórgestr ya tashi daga mai cinikin bayi ya koma amini cikin 'yan hirarraki a hanya. Muryoyin nan da a da suke firgita ni, yanzu surutu suke yi, suna faɗa min abin da idona ke gani.

Daga ƙarshe aka ce ai ƙattin tsoro ne ya haife su, mahaifin Thórgestr ne ya shuka shi don ya mallake jama'a. Tunani ne mai kyau, amma an jefo shi ana dab da rufewa, alhali mun ga mutanen gari da masu da wuta suna yaƙar ƙato da idonsu. To su kuma me suke gani? Wasan bai tsaya amsawa ba. Sai ya miƙo min uban, mutum ɗaya, na kare, na goce, na sara, sunaye suka fara hawa allo.